Kumburin Hannu Bayan Wasa: Cutar Da Ke Zaɓen Majiya Ƙarfi

A farkon watan Fabrairu na shekarar 2010, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Bolton Wanderers da ke ƙasar Ingila tana shirin karawa da Fulham a gida, sai aka ga hannun hagu na babban ɗan bayanta, Gary Cahill, ya kumbura suntum. Saurayi ne ɗan shekara 24, ƙaƙƙarfa, wanda kullum ya ke cikin horo, likitocin ƙungiya na lura da shi, kuma a lokacin tauraronsa na haskawa har ana sa ran zai shiga tawagar ƙasarsa. Maimakon filin wasa sai aka nufi asibiti da shi. Da likitoci suka bincika, sai suka tarar jini ne ya daskare ya zama guda, ya toshe babbar jijiyar da ke mayar da jinin hannun zuwa zuciya. Daga baya sai da aka yi masa aiki, aka cire masa ƙashin haƙarƙari guda ɗaya.

Wanda ya ji wannan labari zai iya tambaya, shin ina ruwan haƙarƙari da kumburin hannu? Kuma yaya aka yi jini ya daskare a jikin mutumin da guje-guje ne sana'arsa, alhali kuwa abin da muka saba ji daga bakin likitoci shi ne, zama wuri ɗaya da doguwar jinya su ke kawo haka? Waɗannan tambayoyi biyu za mu amsa a wannan mako, domin abin ya shafi duk wanda ke neman abinci ko neman suna da ƙarfin dantsensa. Kuma kamar yadda za mu gani, abin da mutum ya yi cikin kwanakin farko na kumburin, shi ke nuna ko hannun zai koma yadda ya ke, ko kuwa zai zauna da lahani.

ƘOFAR DA JINI KE BI

A Hausa kalmar jijiya ɗaya ce, amma a jikin mutum manyan hanyoyin jini iri biyu ne. Akwai masu ɗaukar jini daga zuciya su rarraba shi ga gaɓoɓi. Waɗannan bangonsu da kauri, kuma su ne mutum ke jin bugunsu in ya dafa wuyan hannunsa. Akwai kuma masu kwaso jinin da ya gama aikinsa su mayar da shi zuciya. Su kuwa bangonsu ba kauri, in an danna su sai su lotse kamar tiyon da ba ruwa a ciki. Waɗansunsu na kusa da fata, su ne kan taso ruɗu-ruɗu a dantsen mai ƙarfi, amma manyan suna can ciki tsakanin tsoka da ƙashi, inda ido ba ya ganinsu.

Jinin hannu, tun daga yatsu har dantse, ya kan taru ne a wata babbar jijiya wadda ke ratsa hammata, ta hau sama, ta shiga ƙirji ta gindin wuya. To, a daidai mashigarta ƙirji ne maganar ta ke. Mai karatu ya ɗora yatsa a gindin wuyansa ya bi ta gefe zuwa kafaɗa, zai ji wani dogon ƙashi a gicciye. Shi za mu riƙa kira ƙashin saman ƙirji a cikin wannan bayani. A ƙarƙashinsa akwai haƙarƙari na farko, watau na can sama daga cikin 12 da ke kowane gefen ƙirji. Jijiyar nan tsakanin waɗannan ƙasusuwa biyu ta ke bi. A bayanta ga wata tsoka da ta sauko daga wuya ta kama haƙarƙarin, a gabanta kuma ga wata ƙaramar tsoka da wata igiyar nama mai tauri waɗanda suka ɗaure ƙasusuwan biyu da juna. Wurin dai kamar 'yar siririyar ƙofar zaure ya ke, ba shi da wani sarari na a zo a gani.

Muddin hannu na sauke, ƙofar ta ishi jijiyar. Amma da zarar mutum ya ɗaga hannu sama da kai, ko ya ja kafaɗa baya da ƙarfi kamar mai shirin jifa, sai ƙasusuwan biyu su matso juna kamar bakin almakashi, su matse ta. Haka na faruwa ga lafiyayyun mutane da yawa ba tare da wata illa ba, don da an sauke hannu jini zai ci gaba da tafiyarsa. Inda gizo ke saƙa shi ne a yi ta maimaita wannan sau dubbai, wata da watanni, shekara da shekaru. Kowace matsa ta kan ɗan ƙuje cikin jijiyar, wurin ya warke ya bar tabo, a sake ƙujewa, tabo ya hau kan tabo, har hanyar ta ƙuntata. Daɗin daɗawa, tsokokin da ke kewaye da ƙofar su ma horo na ƙara musu kauri, sai su cinye ɗan sararin da ya rage. Ran da abin zai auku, sai a yi wani wasa mai tsanani ko a ɗaga wani nauyi, jini ya tsaya a wurin da ya ƙuntata, ya daskare, gudan ya yi ta tsawo har ya gangaro cikin hammata.

Tun cikin ƙarni na 19 masana suka gane abubuwa uku ne ke sa jini daskarewa a cikin jijiya, kuma a kan danganta wannan sani da wani likita Bajamushe mai suna Rudolf Virchow. Na farko rauni a bangon jijiya, na biyu rashin gudun jini, na uku kuma jinin kansa ya zama mai saurin kamawa. Mara lafiyar da ya daɗe a kwance, ko matafiyin da ya yini a zaune cikin mota ko jirgi, na biyun ne ke kama shi, kuma galibi a ƙafa. Ɗan wasa kuwa na farko da na biyu ne ke haɗe masa a gindin wuya. Watau ƙarfin nan da ya ke taƙama da shi, a nan shi ne sanadi.

TSOHUWAR CUTA CE

A shekarar 1875 wani shahararren likitan fiɗa na birnin Landan, Sir James Paget, ya rubuta labarin wani mutum da hannunsa ya kumbura yana ciwo, ya kuma ce toshewar wannan jijiya ce ta jawo. A 1884 wani likita na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, Leopold von Schrötter, ya danganta cutar da aikin ƙarfi. Sai a 1949 wani likitan fiɗa mai suna Hughes ya tattara labarin mutum 320 da ta kama, ya haɗa sunayen magabatan nan biyu ya raɗa mata. Shi ya sa har yanzu littattafan likitanci ke kiranta cutar Paget da Schrötter. Suna kuma kiranta da wani suna wanda ma'anarsa ita ce daskarewar jini ta dalilin yunƙuri.

Ba cuta ce mai yawa ba. Abin da likitoci suka ƙiyasta shi ne, ta kan kama mutum 1 zuwa 2 cikin kowane 100,000 a shekara. Akasarin daskarewar jini a manyan jijiyoyi a ƙafa ta ke aukuwa, wadda ke aukuwa a hannu kuwa ba ta wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba. Ko a cikin wannan kashi goman ma, mafi yawa marasa lafiya ne da aka zura wa robar magani a babbar jijiya a asibiti, ko masu fama da ciwon daji. Saura 'yan kaɗan su ne waɗanda mu ke magana a kansu, kuma kamanninsu ɗaya ne: samari da magidanta masu shekaru wajen 30 ko ƙasa da haka, ba su da wata cuta, maza sun ninka mata sau biyu, kuma hannun da mutum ya fi aiki da shi ta fi kamawa, watau na dama ga yawancin mutane. Kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na waɗanda ta kama su kan tuna cewa sun yi wani aikin ƙarfi da hannun gab da ya kumbura.

Rashin yawan nan nata shi ne babban haɗarinta, domin abin da ba a saba gani ba, ba a cika kawo shi a rai ba. Ɗan hakin da ka raina kuwa, shi ke tsone maka ido.

WAƊANDA TA FI KAMAWA

Wasannin da a ke yawan ɗaga hannu sama da kai ko jan kafaɗa baya su ne a gaba: ninƙaya, ƙwallon raga, ƙwallon hannu, ƙwallon kwando, tanis, tuƙin kwale-kwale, kokawa da ɗaga ƙarfe. A Amurka an san ta ƙwarai a tsakanin masu jifa a wasan besbol, wasan nan da a ke jefa wa mutum ƙwallo ya doke ta da kulki. Mai jifa ɗaya kan yi jifa wajen 100 a wasa guda, da yawa daga ciki da gudun da ya kai kilomita 150 a sa'a.

Ƙungiyar Tampa Bay Lightning, mai wasan ƙwallon gora ta kan ƙanƙara a Amurka, ta gamu da cutar sau biyu cikin 'yan watanni. A watan Satumba na 2015 aka sami gudan jini kusa da ƙashin saman ƙirji na hagu na mai tsaron gidanta, Andrei Vasilevskiy, mutumin Rasha, yana da shekara 21. A watan Afrilu na 2016 kuma aka sami irinsa a gefen dama na kyaftin ɗinta, Steven Stamkos, mutumin Kanada, yana da shekara 26. Su biyun duka sai da aka yi musu aiki.

A gasar ƙwallon kwando ta NBA, a watan Maris na 2019 Brandon Ingram na ƙungiyar Los Angeles Lakers, ɗan shekara 21, ya bar wasa har ƙarshen kaka saboda gudan jini a hannunsa na dama, aka yi masa aikin buɗe ƙofar nan da muka bayyana. A watan Fabrairu na 2025 kuma ƙungiyar San Antonio Spurs ta ba da sanarwar an sami gudan jini a babbar jijiya ta kafaɗar dama ta gwarzonta, Victor Wembanyama, Bafaranshen nan mai tsawon fiye da ƙafa 7. Shi ma shekararsa 21 a lokacin, shi ma ya ajiye wasa har ƙarshen kaka.

Mai karatu ya dubi shekarun mutanen nan da kyau. Babu tsoho a cikinsu, babu rago, babu mai jinya. Kowannensu na kan ganiyar ƙarfinsa ta same shi.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

Babbar alama ita ce kumburin hannu ɗaya, farat ɗaya, sau da yawa cikin yini guda bayan wasa ko aiki mai tsanani. Kumburin kan game hannun duka, daga dantse har yatsu. Mutum zai ji hannun ya yi masa nauyi kamar an ɗura masa ruwa, yana ɗaurewa, yana ciwo a dantse ko hammata ko kafaɗa, kuma in ya yi aiki da shi abin ya ƙaru. Zobe ko agogo ko hannun riga da ke shiga jiya, yau sai ya matse.

Launin hannun ma kan sake. Ga Bature a kan ga ya yi shuɗi-shuɗi ko ja, amma ga baƙar fata wannan ba ya fitowa sosai, don haka sai a jera hannuwan biyu a kwatanta, a dubi tafi da farce, za a iya ganin mai ciwon ya fi duhu. In akwai shakka a sami zare ko awon tela a auna kaurin dantsen biyu a wuri ɗaya. Bayan 'yan kwanaki kuma ƙananan jijiyoyi kan taso a kan kafaɗa da saman ƙirji na gefen da abin ya shafa. Dalili kuwa, in babbar hanya ta toshe, dole motoci su bi lunguna, to haka jini ke neman ƙananan hanyoyi ya kewaye wurin da ya toshe.

Bambancinta da targaɗe a fili ya ke ga mai lura. Targaɗe a gaɓa ɗaya ya ke tsayawa, mutum ya san lokacin da ya gurɗe ko ya faɗi, kuma in an taɓa gaɓar zai yi tsalle. A nan kuwa sau da yawa babu faɗuwa, babu bugu, gaɓoɓi na motsi daidai, amma hannu ya cika.

HAƊARI BIYU

Haɗari na farko shi ne gudan jinin ya ɓalle. In wani yanki nasa ya rabu, jini zai ɗauke shi ya bi da shi ta cikin zuciya, ya kai shi huhu, inda zai toshe hanyar jini. Abin da ya sami Aaron Cook ke nan, mai jifa a ƙungiyar besbol ta Colorado Rockies. A watan Agusta na 2004, yana da shekara 25, yana tsakiyar wasa sai ya ji jiri, numfashi na neman gagararsa. Da aka kai shi asibiti aka tarar da gudajin jini a huhunsa duka biyu, kuma bincike ya nuna daga jijiyar kafaɗarsa ta dama suka taso, hannun da ya ke jifa da shi. An ceci ransa, aka cire masa haƙarƙari na farko, amma sai da ya yi kusan shekara guda bai koma fili ba. Saboda haka duk mai kumburin hannu da ya ji numfashinsa na sama-sama, ko suka a ƙirji in ya ja numfashi, ko bugun zuciya da sauri, ko ya ga jini a tarinsa, to ba maganar jiran gobe, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Haɗari na biyu ba ya kisa, amma ya kan kashe sana'a. Sabon gudan jini laushi gare shi, magani na iya narkar da shi. In ya kwana biyu sai ya fara tauri, ya manne wa bangon jijiya, bayan 'yan makonni ya rikiɗe ya zama tabo mai tauri wanda magani ba ya narkarwa. Daga nan hannu ya dogara ga lungunan nan. Su kan isa in mutum na zaune, kumburin ma ya ragu har ya ɗauka ya warke, amma da ya koma wasa ko aiki sai hannun ya cika, ya yi nauyi, ya gaji nan da nan. Ga akawu wannan damuwa ce kawai. Ga ɗan wasa ko mai aikin ƙarfi kuwa, hanyar abincinsa ce ta taɓu.

YADDA A KE MAGANINTA

Matakin farko shi ne a tabbatar da cutar. A kan fara da hoton sikanin, irin na'urar nan da a ke duba masu juna biyu da ita, wadda ke nuna ko jini na gudu a jijiya. Sai dai ƙashin saman ƙirji kan kare wani sashe na jijiyar, har na'urar ta kasa hango gudan. Don haka in alamu sun nuna cutar amma sikanin bai ga kome ba, likita kan nemi wani hoton, inda a ke ɗura wani ruwa na musamman a jijiyar hannu a ga inda ya tsaya.

Da an tabbatar, sai a fara ba da maganin tsinka jini, kamar allurar hefarin, daga baya a koma ƙwayar warfarin ko ɗaya daga cikin sababbin ƙwayoyin da ke irin aikinta. Wannan magani ya kan hana gudan ƙaruwa, ya kuma rage haɗarin ɓallewarsa zuwa huhu, kuma a kan sha shi na aƙalla wata 3. Duk tsawon lokacin nan ɗan wasa ba zai shiga wasan da a ke karo ko bugu ba, domin mai shan irin wannan magani in ya ji rauni jininsa ba ya saurin tsayawa, musamman in a ka ne. Wannan ne dalilin da ya sa a kan ji ɗan wasa na tafiya garau, ba ya jin ciwon kome, amma an ce ya huta har ƙarshen kaka.

Mataki na gaba, a inda akwai gwanaye da kayan aiki, shi ne narkar da gudan. A kan zura wata siririyar roba ta jijiyar dantse har ta isa cikin gudan, a riƙa ɗiga masa magani mai narkarwa, wani lokaci ma a zuƙe shi da na'ura. A nan ne ƙidayar kwanaki ke da muhimmanci, domin wannan aiki ya fi cin nasara in an yi shi cikin kwana 14 na farko. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.

To, ko an narkar da gudan, ƙofar da ta jawo shi na nan da ƙuncinta. Shi ya sa likitocin fiɗa kan cire haƙarƙari na farko, su yanke tsokar da ta kama shi, su kankare tabon da ya kewaye jijiyar, ta yadda ƙashin saman ƙirji ba shi da abin da zai matse ta da shi. Waɗansu kan shiga ta hammata, hanyar da wani likita na birnin Denba a Amurka, David Roos, ya bayyana a 1966, waɗansu kuma ta sama ko ta ƙasan ƙashin saman ƙirji. Haƙarƙarin mutum 24 ne, kuma rashin wannan guda ɗaya ba ya hana numfashi ko wasa. Akwai likitocin da kan tsaya ga maganin tsinka jini kaɗai ga waɗansu marasa lafiya, su jira su ga yadda hannun zai yi, amma ga matashin da zai koma aikin ƙarfi, da yawa daga cikin gwanayen fannin sun fi karkata ga yin aikin da wuri.

Sakamakon kuwa mai faranta rai ne. Stamkos ya koma wasa kafin wata 2 ya cika, kuma shi da Vasilevskiy suka ci Kofin Stanley, babban kofin wasansu, a 2020 da 2021. Ingram ya koma ƙungiyar New Orleans Pelicans, aka zaɓe shi cikin taurarin NBA a 2020, aka kuma ba shi lambar ɗan wasan da ya fi kowa ci gaba a shekarar. Cook ya shiga sahun taurarin besbol a 2008. Wembanyama ya dawo a watan Oktoba na 2025, ya ci maki 40 a wasansa na farko.

MU A NAN GIDA

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ƙirar jikin ɗan Adam ɗaya ce ko'ina, ƙofar nan ta gindin wuya kuma kowa na da ita. Muna da 'yan ƙwallon hannu da na raga da na kwando, muna da 'yan kokawa da 'yan dambe, ga kuma samarin da suka rungumi ɗaga ƙarfe a birane. Ban da 'yan wasa, littattafan likitanci sun ambaci masu fenti da makanikai da sauran masu aiki hannu a sama cikin waɗanda ta kan kama, don haka mai yaɓe da mai faskare da ɗan dako su ma maganar ta shafe su.

Abin da ya bambanta mutanen da muka ambata da ɗan wasanmu na unguwa shi ne, su da hannu ya kumbura likita ne ya fara ganinsa. A wurinmu kuwa, in hannu ya kumbura bayan wasa, abin da a kan fara cewa shi ne targaɗe ne, sai a shafa man zafi, a yi gashi da ruwan zafi, a murza, in abin ya ƙi a tafi wurin maɗori ko a kira wanzami ya yi ƙaho. Maɗora da wanzamai suna da fagensu, amma wannan ciwo a cikin jijiya ya ke, can ƙarƙashin ƙashi, inda hannunsu ba ya kaiwa. Tausa mai ƙarfi na iya taimaka wa gudan ɓallewa, ɗauri mai tsanani na ƙara tare jini, kuma mafi muni, kwanakin nan 14 masu daraja su kan ƙare ana wannan kai da komo.

Akwai kuma abubuwan da ke ƙara wa jini saurin kamawa, watau na ukun nan da muka ambata a baya. Daga ciki akwai allurai da ƙwayoyin ƙara tsoka da waɗansu samari ke amfani da su don dantse ya fito da sauri, waɗanda ke cutarwa ta fuska biyu, su kumbura tsokar da ke matse ƙofar, su kuma sa jini saurin daskarewa. Akwai ƙarancin ruwa a jiki ga mai horo cikin zafin rana. Akwai cutar sikila, da waɗansu ƙwayoyin tazarar haihuwa ga mata, da kuma gadon saurin daskarewar jini a waɗansu gidaje. Wanda ya taɓa karyewa a ƙashin saman ƙirji ya ɗoru da ƙulli, ko wanda aka haifa da ƙarin haƙarƙari a gindin wuya, shi ma ƙofarsa na iya fin ta sauran mutane ƙunci. Duk mai ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗa wa likita tun da farko.

Masu horar da 'yan wasa da shugabannin ƙungiyoyi, nauyi mai yawa a kanku ya ke. Yaro mai neman suna ya kan ɓoye ciwonsa don kada a ba wani gurbinsa, kuma da ya ke wannan ciwo ba ya hana gudu, ɓoye shi ba wuya. In kun ga hannun ɗan wasa ɗaya ya fi ɗaya, ku fitar da shi daga fili, ku tura shi babban asibiti a ranar, ku kuma tabbatar masa gurbinsa na jiransa. Shi kuma mai ciwon, in ya je ya bayyana wa likita irin wasan ko aikin da ya ke yi, da ranar da kumburin ya fara, ya kuma tambaya ko za a duba jijiyar hannun da sikanin. Kada kowa ya sayi maganin tsinka jini a kemis ya sha da ka, domin in ya yi yawa zubar jini ya ke jawowa, wadda ita ma kan yi kisa.

Kada wannan bayani ya sa wani ya ajiye wasa ko motsa jiki, domin amfaninsu ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba, kuma cikin dubban 'yan wasa ɗai-ɗai ne ta kan kama. Gary Cahill da muka buɗe da labarinsa ya koma fili kafin kakar 2010 ta ƙare, ya buga wa Ingila wasansa na farko a watan Satumba na shekarar, ya koma Chelsea a watan Janairu na 2012, ya ci Kofin Zakarun Turai da ita a watan Mayu, sa'an nan ya ci gasar Firimiya a 2015 da 2017. Duk wannan da haƙarƙari 23 ya yi shi, kuma abin da ya buɗe masa hanya shi ne, ran da hannunsa ya kumbura ba a tsaya shafa mai ba, asibiti aka kai shi.